Bobbo Sanda Ya Kwanta Ta Gefen Dama

Yawunde, 3 ga Rajab

Daga Hamajoda, dillalin shanu a karar Yawunde, zuwa ga taubashina kuma bawana na gado, Bobbo Sanda, inda aka ce yana kwance a Gaundare.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ya jiki, ya mutanen gida a Tinyer, ya garke? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da ta koma malamar duba, kwana biyu kafin a yi ruwa take sanar da ni.

Tun watan jiya wani mai rakiyar shanu ya ce min wai an ga Bobbo Sanda a gadon asibiti. Na ce ya je ya wanke idonsa ya dawo. Mutumin da kunama ta harba muna yara yana tatsa, bai saki hantsa ba sai da ƙwarya ta cika, shi ne zai kwanta a yi masa allura? Na bar maganar a nan. To jiya Sali falke ya sauko daga jirgin ƙasa da shanunsa, ya ce da ƙafarsa ya shiga ya gaishe ka, ka rame kamar saniya a ƙarshen rani, kuma har yau likita ba ta san sunan abin da ke cin ka ba. Sali ba ya ƙarya sai a kan farashi.

Ya ce Malam Dewa, mijin 'yarka Astajam, shi ke jinyarka, ya bar 'yan makarantarsa ya shimfiɗa tabarma a gindin gadonka. Allah ya yi masa albarka. Amma ba daga bakin suruki nake son jin labarinka ba. Ka rubuto min da ajaminka mai kama da sawun kaji, wanda ni kaɗai na rage a duniya da ke iya karanta shi, ka ba Sali in zai sauko.

In kuwa tafiya za ka yi, ka faɗa da wuri in zo in kora shanun. Ka san dukiyar bawa ta ubangidansa ce, tun ranar da kakata da kakanka suka fito ciki ɗaya aka yanke haka.

Gaundare, 11 ga Rajab

Zuwa ga Hamajoda, ɓarawon kara, bawan da ya gudu birni.

Na ga takardarka, na gode da gaisuwa. Gida lafiya. Yarinyar nan, matar malamin makarantar da ka ambata, ta sauka, namiji, tana jego, shi ya sa ba ita ke tare da ni ba. Shanu suna hannun ƙanena. Ka cire ranka daga kansu.

Yau kwanana ashirin da uku a nan. Zazzaɓi ne, da hantsi ya sake ni, da la'asar ya dawo kamar baƙon da ya manta sandarsa. Sun ɗebi jinina sau huɗu. Sun ce na sauro ne, suka ba ni magani, bai tafi ba. Suka ce na ruwa ne, suka sauya magani, bai tafi ba. Sun haska ƙirjina a wani ɗaki mai duhu, suka nuna min haƙarƙarina, na ƙirga, suna nan cif. Yanzu sun daina ba shi suna.

Likitar mace ce, 'yar kudu, ba za ta girmi yarinyar nan ba. Ba ta jin Fulatanci ko na sayen nono, sai Faransanci. Ta faɗa wa malamin makaranta, shi ya faɗa min, in ba shi amsa, ya mayar mata. Yaron ba shi da laifi. Shi ke dafa min kunu a bayan asibiti tsakanin mata, ya ajiye, ya ja min labule, ya fita har sai na gama. Ban taɓa ɗaga ido na gan shi yana kallona ba.

Mu goma sha biyu ne a ɗakin. Maƙwabcina wani tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, Ndanga, ƙafarsa ce ta karye amma bakinsa lafiya lau. Da yake ba na iya kwanciya da baya, kullum ta gefen dama nake, kuma gadon ya dace da alƙibla, sai ya baza a ɗaki wai ni waliyyi ne ina jiran kira. Jiya ya ce, "Malam, in ka isa ka gaishe min da tsohuwata, ka ce mata ban ƙara aure ba." Na ce, "Ka ba ni a rubuce, kada a ce ni na ƙaga."

Ga wani abu don ka samu na dariya, tunda ba ka da aikin yi. Ka tuna jan bajimin nan mai karkataccen ƙaho? Wata biyu kafin zazzaɓin nan na sunkuya ina kwance maraƙi, na ba shi baya. Ya ɗauke ni ta wurin da mutum ke zama, can inda rana ba ta gani. Ba wanda ya gani. Na shafa man shanu da toka, ya rufe. Ka yi dariyarka, sannan ka ƙone takardar nan.

Yawunde, 19 ga Rajab

Zuwa ga waliyyin Gaundare.

Barka da samun jika, Allah ya raya. Ya ƙarfin jiki? Ni da iyali muna lafiya.

A kara na karanta takardarka, a kan turken awo. Sai da na zauna a ƙasa. Mahauta suka taru suna cewa Hamajoda ya taɓu. Ban faɗa wa kowa ba, amma hawaye har gemu. Shekara hamsin kana dukan yara don sun juya wa sa baya! Ka tuna kakarmu Dudu in ta gama mana tatsuniya takan ce, kura ba ta cin wanda ya san ta, sai ranar da ya ce ai mun saba. To ga shi kun saba, har ya san hanyar bayan gida.

Takarda kuwa ban ƙone ba. Wane mahaukaci ne ke ƙone makaminsa? Ranar da ka ƙara kira na ɓarawo a gaban mutane zan fiddo ta.

Batun zazzaɓi, ni na san maganinsa. Bafulatani ne aka raba da nono kwana talatin, ana ɗura masa ruwa ta jijiya kamar gonar albasa. Ka ce Dewa ya nemo maka kindirmo na gaske daga matan da ke zama a bakin tasha. Kwana uku za ka miƙe. Ka gaishe min da Ndanga, ka ce ya nemi wani ɗan aiken, nawa bawan ban sallame shi ba.

Yawunde, 5 ga Sha'aban

Bobbo,

Gaisuwa. Ya jiki? Ni lafiyata ƙalau, sai dai ba na cin abinci da daɗi.

Kwana goma sha shida ban ji daga gare ka ba. Sali ya shiga daji sayen shanu, waɗanda suka sauko kuma ba wanda ya leƙa ka. Da farko na ce fushi ka yi don dariyar da na yi. Sai na tuna ba ka taɓa yin fushi ka yi shiru ba, zagi kake aikowa.

Shekaranjiya bayan azahar na ɗauko takardarka don in ƙara dariya, sai dariyar ta ƙi zuwa. Ka rubuta cewa ba ka iya kwanciya da baya. Na karanta na wuce, hankalina yana kan waliyyi. Can ƙasa kuma ka rubuta labarin bajimi. Abu biyu a takarda ɗaya, ni dillalin da ke gane saniya mara lafiya daga nesa, ban haɗa su ba.

Kai makiyayi ne, ba sai na koya maka ba. In sa ya soki saniya, fata ta rufe ta waje, bayan wata biyu ta daina kiwo, hancinta ya bushe, jikinta ya yi zafi, ta riƙa kwanciya ta gefe ɗaya, me kake yi? Jininta kake ɗiba? Ƙirjinta kake haskawa? Sau nawa na riƙe maka ƙafa kana tsagawa, ruwan ya fita, washegari ta tashi tana cin ciyawa?

Ka gaya min gaskiya. Wurin ya kumbura? Yana da zafi? Likita ta gan shi? In ba ta gani ba, ka nuna mata ranar da takardar nan ta same ka. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Gaundare, 10 ga Sha'aban

Hamajoda,

Na gode da gaisuwa. Ka yi haƙuri da rubutun.

Ya kumbura kamar ludayi. Yana da zafi. Ba ta gani ba. Abin da ka faɗa na san shi tun kafin ka rubuto.

Amma ka duba. Ba ni da baki a gidan nan sai malamin makaranta. Duk kalmar da zan faɗa sai ta bi ta kunnensa ta fito ta bakinsa. Mijin 'yata ta fari, wadda ko sunanta ban taɓa kira ba. Shi zan ce wa ga abin da ke wuri kaza, ka faɗa wa yarinyar can ta zo ta duba? Gobe da wane ido zai gaishe ni? Ɗan da aka haifa masa, a gidan wa zai ji girman kakansa? Sau biyu na yi niyyar in aike shi kasuwa lokacin zagayen likita. Ba ya tafiya. Ya ce aikinsa ke nan, don shi ya bar makaranta.

Shekarata saba'in da ɗaya, ban tsaya tsirara gaban kowa ba tun da aka yi min kaciya. Na ce masa ya mayar da ni Tinyer. In kwana ya ƙare, gara ya ƙare ina jin kukan shanuna.

Kada ka yi min faɗa. Ka yafe min abin da na yi maka, har da na akuyar nan ta shekarar fari, ni na sake ta.

Gaundare, 10 ga Sha'aban

Zuwa ga Baffa Hamajoda, daga ɗanka Dewa.

Ina gaisuwa cikin ladabi, Allah ya ƙara girma. Astajam da jariri suna lafiya. Na sa wannan a cikin ta Baba ba tare da ya sani ba, na san Baffa zai samu mai karanta masa boko.

Jikin Baba ya tsananta. Kwana huɗu ke nan kunu ma sai cokali uku. Ya ce in mayar da shi gida. Akwai motar Tinyer ranar Juma'a, na yi magana da direba. Likita ta ce in muka tafi ba da yawunta ba. Ban san wanda zan bi ba, kuma ba ni da babba a kusa.

Baffa, akwai abin da ya tsaya min a rai, ban faɗa wa kowa ba. Ranar da aka kwantar da Baba likita ta yi tambaya bakwai. Huɗu na isar. Sauran ukun sun shafi abin da ba zan iya furtawa a gabansa ba, sai na tambaye shi yadda ya kwana, ya ce lafiya, na ce mata ya ce babu komai. Da ta ce a cire masa tufafi ta duba shi duka, na ce mata ya ƙi. Ban ma tambaye shi ba. Sau uku tana maimaitawa a makonnin nan, sau uku ina yin haka. Ni malami ne, na san ba daidai ba ne. Kullum nakan ce yau zan faɗa, in na dubi furfurarsa sai harshena ya mutu.

In wani abu ya same shi, ban san ko ni ne ba. Ina jiran umarnin Baffa.

Yawunde, 13 ga Sha'aban

Ɗana Dewa,

Na gaishe ka, na gaida mai jego. Allah ya biya ka. Yau da hantsi takardunku suka iso, maƙwabcina ya karanta min taka. Sali ko shanunsa bai sayar ba na ɗora shi a jirgin yamma, don wannan ta same ka kafin Juma'a.

Ka saurara da kyau. Ka sallami direban Tinyer. A cikin wannan akwai wata takarda a manne, da Faransanci, wani mai keken rubutu a bakin gidan waya ya buga min ita. Ta likita ce. Ka ba ta hannu da hannu, kada ka buɗe, kada ka tsaya ta karanta a gabanka. Kana ba ta ka fita. Ba baranda nake nufi ba, ba gindin mangwaro ba. Ka tafi tasha ka zauna kana kallon jirage har a yi la'asar. In Baba ya kira ka kana fita, kada ka waiwaya. In ta ce wa zai yi mata tafinta, ka nuna mata mai karyayyar ƙafa.

Kada ka ɗauka korar ka na yi. Wata biyu kana kwana a kan siminti, ɗan cikinsa ma iyakar abin da zai yi ke nan. Tambayoyi ukun da ka haɗiye kuwa, da ni ne a gaban surukina biyar zan haɗiye. Tarbiyya ce ta yi maka yawa, shi ma ita ce ta kwantar da shi. Ni kuwa taubashi ne, Allah bai ɗora min kunyarsa ba. Ka bar min wannan kayan, nawa ne.

Gaundare, 24 ga Sha'aban

Zuwa ga Hamajoda, maci amana, wanda ba a ba shi ajiya.

Ina gaisuwa don addini ya ce a yi. Zazzaɓi ya tafi yau kwana takwas. Jiya na cinye tuwo da miyar yakuwa har na nemi ƙari. Kada ka ji daɗi, ban yafe ba.

Ranar Alhamis ta wancan makon da safe na ga malamin makaranta ya miƙa wa likita takarda, ya juya ya fita kamar wanda aka aika kiran gobara. Na yi gyaran murya, bai waiwaya ba. Ta karanta a tsaye. Ta dube ni, ta sake karantawa. Sai ta juya ta yi wa Ndanga magana, aka turo gadonsa kusa da nawa, aka ja labule ya rufe mu uku.

Ndanga ya ce, "Malam, ta ce wani ɗan'uwanka a Yawunde ya kai ƙarar ka. Wai ka yi faɗa da sa, kuma ba ta gaba ba."

Na ce, "Ka ce mata ƙarya ne."

Ya ce, "Ba zan ce ba. Ni ba surukinka ba ne, ba ka ba ni 'ya ba. Ta ce ka kwance wando."

Na ce, "Ndanga, ka ji tsoron Allah."

Ya ce, "Shi nake ji. In ka mutu wa zai riƙa ba ni sauran kununka? Kwance, waliyyi. Ni zan kalli bango. Ita kuwa ta ga na gwamna, naka ba zai ba ta mamaki ba."

Na rufe fuskata da rawani na kwance. Ta taɓa wurin sau ɗaya, na ji ta ja numfashi, ta faɗi wata magana mai tsawo. Na ce me ta ce? Ndanga ya ce, "Rabi zagi ne, rabi godiya ga Allah. Wanne kake so in fara da shi?"

Kafin azahar sun shiga da ni. Abin da muke yi wa saniya shi suka yi min, sai dai su suna sa mutum barci tukuna. Ta ce da na ƙara mako ɗaya da ya shiga jini. Da na farka na ga ta tsaya a kaina, ta dafa hannuna, ta ce "Baaba" da irin bakinsu, kalma ɗaya da ta koya. Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Maganin barcin ne.

Malamin makaranta ya dawo bayan la'asar, ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce an yi zafi yau. Na ce an yi. Bai tambayi komai ba. Wani ma'aikaci namiji ke wanke min wurin kowace safiya, kuma kullum daidai lokacin sai yaron ya tuna bai sayo gawayi ba. Gawayin da ya tara a bayan asibiti zai kai mu salla.

Abu ɗaya ke hana ni sakewa. Ban san ko ya sani ba. Kai da ka iya tonon asiri, ka tono min wannan.

Yawunde, 4 ga Ramadan

Zuwa ga bawana da na fansa da hannuna, Bobbo Sanda.

Barka da shan ruwa, ko da yake an ce likita ta hana ka azumi, kuma wannan karon ka ji magana. Alhamdu lillahi. Mu duka lafiya. Ranar da takardarka ta zo na ci abinci sau biyu. Zagin da ke ciki na karɓa, na daɗe ban ji mai daɗinsa ba. Akuya kuwa na san kai ne tun a shekarar, na bar ka ne ka yi ta ɗaukar nauyin.

Mai keken rubutun da na faɗa wa asirinka bai san ka ba, ba zai taɓa ganinka ba, kuma da na zo wurin bajimi bai ko yi murmushi ba. Na ji haushinsa ƙwarai.

A kara kowa da nasa labarin. Wani ya ce hanta ce. Wani ya ce sammu aka yi maka a kan rijiya. Wani mahauci ya rantse iska ce ta buge ka a gindin tsamiya. Ni dai sai in ce Allah ya sani.

To ga amsar tambayarka, iyakar abin da na iya tonowa. Shekaranjiya Dewa ya zo Yawunde gyara takardunsa na aiki, saboda daɗewar da ya yi bai koma makaranta ba. Ya biyo ta gidana da man shanu. Bayan mun sha ruwa na ce bari in taɓa shi in ji.

Na ce, "Dewa, ashe me likita ta ce ya sami Baba?"

Ya ce, "Zazzaɓi ne, Baffa. Irin mai nacin nan na farkon damina."

Na ce, "Zazzaɓi ake shiga da mutum ɗakin tiyata?"

Ya ce, "Wannan ɗin mai naci ne sosai."

Na ga wani ƙunshi a gefensa, na sa hannu na buɗe, ka san ni. Matashi ne na soso, mai taushi, faffaɗa, an yi masa rami a tsakiya. Ya zaga kasuwa biyu kafin ya samu wanda zai yanka masa shi haka. Na ce, "Wannan fa?"

Ya ce, "Na Baba ne. Hanyar Tinyer akwai gargada."

Na ce, "A ina zai sa shi?"

Ya dube ni, karo na farko tun da na san shi, ido cikin ido. Ya ce, "Na kai ne, Baffa."

In ya kawo maka, ka karɓa ka yi godiya, ka ce kanka ya ji daɗi. Ka koma gida ka ɗauki jikanka. Duk wanda ya tambaye ni daga yau har in mutu, zazzaɓin farkon damina ne ya kwantar da Bobbo Sanda. Haka labarin yake a wurina, don wanda ya faɗa min shi na ƙarshe surukinka ne, Dewa mijin Astajam.